Gashin talotalo na Ranar Godiya: yadda za ki ciyar da mutum shida ba tare da kin wuni a tsaye ba

Shekarata ta farko a Amurka, da watan Nuwamba ya kama, na ga kowane kanti ya cika firizarsa da talotalo, farashi kuma ya faɗi warwas. Na ɗauko mafi girma da idona ya gani, laba 22, alhali mu biyar ne za mu ci. Ranar Alhamis da hantsi na tura shi cikin obin, ashe cikinsa da sauran ƙanƙara ban sani ba. Har aka yi Isha'i muna jira. Da ya fito, tsokar ƙirji ta bushe ƙamas, cinya kuma ɗanya a jikin ƙashi. Baƙina suka ci shinkafa da miya, suka yi godiya, suka tafi. Abin ya yi mini ciwo, domin ɗalibai ne 'yan gida da ba su da kowa a garin, na so su ji ɗumin gida ko da na wuni ɗaya ne.

Wannan rana da Amurkawa ke kira Thanksgiving, Alhamis ce ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisar dokoki kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941. Mu da muke zaune a nan, amfaninta gare mu a fili yake. Sallah takan faɗo ranar aiki, a sauko daga idi kowa ya ruga wurin neman abinci. Ranar Godiya kuwa makarantu da ofisoshi a rufe suke, ita ce ranar da za ki kira mutum ya ce miki yana nan tafe. Shi ya sa na dage sai da na iya girkin nan.

Abin da na gane daga baya shi ne, talotalo nama biyu ne a jikin tsuntsu ɗaya. Ƙirji fari ne, ba shi da kitse, da ya nuna in aka ƙara masa minti goma sai ya bushe. Cinya baƙin nama ce mai jijiya, tana son wuta ta daɗe a kanta kafin ta yi laushi. In kika gasa shi ɗungurungum, dole ɗaya ya cutu. Maganin abin mai sauƙi ne, 'yar'uwa: ki rarraba shi kafin ya shiga obin, kowane yanki ya fito a lokacinsa. Za ki rasa hoton nan na ƙaton talotalo a tsakiyar tebur, amma gashin awa uku zai dawo kamar awa ɗaya da rabi, kuma kowa zai ci nama mai ruwa a jiki.

Sayen talotalo

Ga mutum shida zuwa takwas, ki nemi mai laba 10 zuwa 12, wato kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi. Lissafin da ake yi shi ne laba ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane mutum, saboda ƙashi ya cinye nauyi mai yawa. In ku huɗu ne kacal, ba sai kin sayi tsuntsu guda ba, ƙirji ɗaya mai ƙashi da cinya biyu sun wadatar.

In kina neman yankan Musulmi, kada ki bari sai makon bikin. Ki je wurin mahaucin halal ɗinku tun farkon wata ki sa sunanki, ki gaya masa nauyin da kike so, ki ce ranar Talata za ki karɓa. Sannan ki roƙe shi ya yanka miki kamar haka: cinya biyu kowace da ƙafarta a haɗe, fiffike biyu, ƙirji guda ɗaya da ƙashinsa da fatarsa, sai ƙashin baya da wuya a ware. Ki tsaya a kansa, domin in kika ce masa kawai "a yanka", zai sa inji ya yi miki gutsi-gutsi irin na miya, ƙirjin ya tashi daga aiki.

In mai ƙanƙara kika saya a kanti, ki karanta jikin ledar. Da yawa daga cikinsu an riga an ɗura musu ruwan gishiri, za ki ga an rubuta cewa yana ɗauke da kashi kaza na ruwan haɗi. Irin wannan, rabin gishirin da zan faɗa a gaba ya ishe shi.

Abu ɗaya da nake roƙonki ki saya tare da shi shi ne ma'aunin zafin nama, ɗan ƙaramin abu mai tsinin ƙarfe da ake sokawa cikin tsoka ya nuna lamba. Ba shi da tsada. Mun saba gane nunar nama da ido da ɗanɗano, amma tsoka mai kaurin tafin hannu biyu ido ba ya ganin cikinta.

Narkar da ƙanƙara

A nan ne na faɗi a shekarar farko. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da ƙa'ida: a cikin firij, kowace laba 4 zuwa 5 tana bukatar kwana ɗaya. Mai laba 12 kwana uku ke nan. Tunda ranar Laraba da safe muke son fara aiki a kansa, ki sauko da shi daga firiza ranar Asabar da dare ko Lahadi da sassafe, ki ɗora shi a faranti mai zurfi a can ƙasan firij don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abinci. Kada ki ajiye shi a kan teburin kicin ya kwana, waje zai ɗumama ya fara lalacewa ciki bai narke ba.

In kin makara, akwai hanyar ruwan sanyi: ki nutsar da shi da ledarsa a cikin babbar roba, kina canja ruwan duk bayan minti 30. Kowace laba tana cin minti 30, mai laba 12 awa shida ke nan. Wanda aka narkar ta wannan hanya, da ya narke a dafa shi.

Laraba: ranar aikin gaske

In kika yi aikin Laraba da kyau, Alhamis hutu ce.

Ki buɗe ledar, ki zura hannu cikin cikinsa da kuma ramin wuya. Za ki tarar da wuya da wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙundu da hanta da zuciya. Ki fitar da su. In ba a yanka miki ba, ga yadda za ki yi. Ki ja cinya ta rabu da jiki, ki tsaga fatar da ke tsakani, ki lanƙwasa cinyar baya har gaɓar ta ɓalle, sai ki bi ta wurin da wuƙa. Fiffike ma haka. Daga nan ki sa almakashi mai ƙarfi ki bi haƙarƙari ta gefe biyu, ƙashin baya ya rabu da ƙirji. Daidai yake da gyaran kaza, girma ne kawai ya bambanta.

Maganar wanki. Hukumomin lafiya a nan suna hana wanke ɗanyen naman tsuntsu a ƙarƙashin famfo, domin fantsamar ruwan na kai ƙwayoyin cuta kan kwanuka da teburin kicin, kuma wuta ce ke kashe su ba ruwa ba. Na san da wuya 'yar Hausa ta dafa naman da ba ta wanke ba. In za ki wanke, ki yi shi a hankali cikin roba da ruwa da lemun tsami, ba da famfo a buɗe ba, sannan ki wanke wurin da sabulu. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne tsanewa: ki goge kowane yanki da takardar goge hannu har ya bushe sarai. Fata mai laima ba ta yin ja, sai dai ta turara.

Yanzu gishiri. Ki auna gram 8 zuwa 10 ga kowane kilo, wato kamar babban cokali biyu da rabi na gishirin gida ga tsuntsu mai kilo 5. Ki zura yatsu tsakanin fata da tsokar ƙirji a hankali har ta saki, ki shafa gishirin a kan tsokar kanta, ki shafa saura a cinya da fiffike ciki da waje. Ki jera su a faranti, fata tana kallon sama, ki sa a firij a buɗe, ba murfi ba leda, su kwana. Da farko gishirin zai jawo ruwa waje, daga baya naman ya sake shanye shi ya kai ɗanɗano har ciki, iskar firij kuma ta busar da fatar. Wannan kwanan gishirin ya fi duk wani kayan ƙamshi da za ki zuba gobe tasiri.

A nan zan tsaya kan wata al'adarmu. Mun saba sulala nama da albasa da kayan ƙamshi kafin suya ko gashi. Talotalon gida, wanda ya yi shekara yana yawo a tsakar gida yana kiwo, yana bukatar haka, namansa da tauri. Duk wadda za ta yi wannan girki a Kaduna ko Jos lokacin Kirsimeti, ko a Kano da Sallah, da irin wancan tsuntsu, ta sulala cinyoyin tukuna. Na kantunan Amurka kuwa farare ne masu faɗin ƙirji da ake yankawa kafin su cika wata biyar, namansu da taushi tun asali. In kika sulala ƙirjinsa sannan kika gasa, kin dafa shi sau biyu, daɗin ya tafi cikin ruwa.

Ƙashin baya da wuya da ƙundu da zuciya da kan fiffike, su ne romonki. Ki yayyafa musu mai, ki gasa su a obin mai zafi kamar minti 40 har su yi ja, ki juye a tukunya da albasa biyu, karas biyu, tafarnuwa, citta, masoro, ɗan kanumfari, da ruwa lita biyu da rabi. Ki rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali awa biyu zuwa uku. Ki tace, ya huce, ki sa a firij. Hanta kada ta shiga romo, tana sa shi ɗaci, ki soya ta daban. Gishiri kaɗan za ki sa, domin ruwan da zai tsatso daga gashin gobe da gishirinsa zai zo.

Romo na kan wuta, sai ki yi miyar kiranberi. 'Ya'yan itace ne jajaye masu tsami, tsaminsu ya yi kusa da na zoɓo, kuma shi ke yanke maiƙon nama a baki. Leda ɗaya mai gram 340, kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa ko ruwan lemun zaƙi, a tafasa minti goma har su farfashe. Ni ina goga ɗanyar citta a ciki. Za ki ga kamar ta yi ruwa, ki ƙyale ta, in ta huce za ta kama jikinta.

Ki haɗa botar shafawa ma tun yau: sanda ɗaya ta bota mai laushi (wato rabin kofi), tafarnuwa ƙwara takwas dakakkiya, citta, masoro, tayim, kori, garin tattasai, da dunƙule ɗaya in kina so. Ki markaɗa kayan miyan jalof, ki jiƙa zoɓo. In za ki sayi fanken kabewa irin na kanti (pumpkin pie, gasasshen haɗin kabewa mai zaƙi a cikin ɓawon fulawa) don bayan abinci, ki duba jerin kayan haɗinsa, wasu da kitsen alade ake murza ɓawon. Duk sayayya ta ƙare yau, gobe kantuna da yawa a rufe suke.

Alhamis

A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa da wuri, a Niyok wajen ƙarfe 4 da rabi an kira Magariba. Ni nakan tsara a yi salla, a zauna cin abinci ƙarfe 5. Ga yadda lokacin ke tafiya.

Ƙarfe 1 da rabi ki fito da naman daga firij ya rage sanyi. Ki cusa rabin botar a ƙarƙashin fatar ƙirji, ki baje ta da yatsa, ki shafe sauran yankunan da abin da ya rage. Ki yanka albasa da karas manya-manya ki shimfiɗa a babban farantin gashi, ki ɗora naman a kai fata tana sama, kada su hau kan juna. In faranti ɗaya ya yi kaɗan, ki sa ƙirji a ɗaya, cinya da fiffike a ɗaya. Ki zuba kofi ɗaya na romo a ƙasa don kada abin da ke ɗiga ya ƙone.

Ki kunna obin ya kai digiri 425 a ma'aunin Amurka, wato 220 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Ƙarfe 2 da kwata nama ya shiga. Bayan minti 30, fata ta fara ja, sai ki rage zuwa 325, wato 165. Kada ki riƙa buɗewa kina ɗiban mai kina zubawa a kai, duk buɗewa zafi ke fita, gashi ya ƙara tsawo, fatar kuma ta yi laushi. In kin ga wani gefe yana neman yin baƙi, ki yafa masa ɗan foyil.

In an yi awa ɗaya da shiga, ki fara aunawa. Ki soka tsinin a wurin da tsoka ta fi kauri, kada ya taɓa ƙashi, domin ƙashi yana ba da lambar ƙarya. Lambar da ake nema don lafiya ita ce 165 a ma'aunin Amurka, wato 74 a namu ma'aunin. Fiffike ne zai riga kaiwa, ki cire shi. Ƙirji in ya kai wajen 160 nakan fitar da shi, domin zafin da ke jikinsa yana ci gaba da hawa bayan ya fito, sai in sake aunawa bayan minti goma in tabbatar ya cika 165. Cinya kuwa ki bar ta ta kai 175 zuwa 180, wato 80 da ɗoriya, a nan ne jijiyarta ke narkewa. Yawanci komai yana kammala cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu ba kwata, amma obin kowa da halinsa, lambar za ki bi ba agogo ba.

Wani lokaci za ki yanka cinya ki ga ɗan ja-ja kusa da ƙashi, mutanenmu kuma da sun ga haka sai su janye hannu. In ma'auni ya nuna lambar, naman ya nuna, launin daga ɓargon ƙashin ƙaramin tsuntsu yake fitowa. Duk da haka in kin san baƙinki, ki mayar da cinyar minti goma, ba abin da zai same ta. Ƙirji ne ba a mayarwa.

Yajin tsire sai a ƙarshe. Ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana ƙonewa a wuta mai zafi ya yi ɗaci, don haka nama na fitowa da zafinsa za ki barbaɗa. Ki tambayi baƙi tun kafin ranar ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, musamman yaran da aka haifa a nan, domin abu ne da ke kai mutum asibiti. In akwai, yaji ya tsaya a ɗan kwanonsa can gefe da cokalinsa.

Nama ya huta minti 20 zuwa 30 da foyil a yafe sama-sama. In kika yanka da zafi, ruwan zai malale a kan katako ya bar miki busasshiyar tsoka.

Lokacin da nama ke obin kika ɗora jalof, kofi uku na shinkafa, da romon talotalo a madadin ruwa. Wannan ba sai na koya miki ba. Sai dai ki ware kofi huɗu na romon don miyar zubawa kan nama.

Dankalin Turawa laba uku, a fere, a yanka daidai wa daida, a ɗora cikin ruwan sanyi da gishiri. In ya tafasa, minti 15 zuwa 20 ya yi laushi. Ki tsiyaye ruwan tas, ki mayar da tukunyar kan wuta minti ɗaya tururi ya fita, ki farfasa da muciya, ki zuba rabin sandar bota da kofi ɗaya na madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan kina tuƙawa. Kada ki sa shi a bilenda, zai yi danƙo.

Miyar zubawa ita ce ta ƙarshe, nama na hutawa kike yin ta. Ki juye ruwan farantin gashi a kofi, mai zai taso sama. Ki ɗebi babban cokali huɗu na man ki sa a tukunya, ki zuba fulawa cokali huɗu, ki yi ta juyawa minti biyu zuwa uku har ta yi launin ƙasa-ƙasa, warin ɗanyar fulawa ya tafi. Sai ki riƙa zuba romo mai zafi da ludayi kina juyawa da sauri don kada ta yi gudaji. Ki ƙara ruwan gashin da ke ƙasan kofin, ki kankare abin da ya kama a farantin da ɗan romo ki haɗa, a nan daɗin yake. Ta dahu minti biyar zuwa goma har ta riƙa kama bayan cokali. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri. Ni ina jefa attaruhu guda ɗaya ba tare da na fasa shi ba, ya ba da ƙamshi, in tsame shi.

Koren wake da karas, minti biyar a kasko da tafarnuwa da ɗan mai, sun isa ganye.

Wajen yanka, ki bi gefen ƙashin tsakiyar ƙirji da wuƙa ki ɓamɓaro tsokar kowane ɓangare guda, sannan ki yanka ta a kwance, kaurin yatsa, kowane yanki da 'yar fatarsa. Ki raba cinya da ƙafa a gaɓa, ki zare ƙashin cinyar ki yanka tsokar gida uku ko huɗu, domin ita kowa zai fara kai wa hannu. Ki jera a babban tire, fari a gefe, baƙi a gefe, da yankakkiyar albasa da tumatir da lemun tsami kamar yadda mai tsire ke yi. Ki fara zuba wa manya, ki ɗebe wa maƙwabta nasu kafin a zauna.

Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a kan tebur. Ki zare naman daga ƙashi, ki zuba a ƙananan robobi masu murfi, ki sa a firij, ki cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ko ki sa a firiza. Ki cika wa kowane baƙo 'yar robarsa ya tafi da ita, ɗalibai musamman. Ƙasusuwan da fiffiken da ya saura, ranar Juma'a su zama farfesu da kimba da citta da attaruhu. Ragowar ƙirji kuma ki daka shi sama-sama, ki soya a hankali da albasa da yaji kina juyawa har ya bushe ya wargaje, ya zama dambun nama na cin burodi da shayi da safe.